Waɗanda Kawu Bai Miƙa wa Ƙoƙo Ba

Caucete, Litinin, Janairun 2022

"Kin san kawunki shi kaɗai ya rufe mana rabin gari?"

Ka yi haƙuri, Kawu Nicanor, na fara da maganar wani kafin gaisuwa. Da ita Manaja Maldonado ya tarbe ni yau tun ban ajiye jaka ba, kuma har yanzu tana kunnena. To, ina gaishe ka. Ya jiki, ya tarin? Ina fata kai kake cin abincin da nake rataya maka a ƙyaure, ba karnukanka ba. Tunda wayar da na saya maka tana barci a aljihun tebur, kai kuma ko an kira ba ji za ka yi ba, ga takarda a ƙarƙashin kwano.

Ka san takardar ɗaukata aiki a kamfanin zabibi cewa ta yi jami'ar kula da ma'aikata. Tun da korona ta dawo na koma mai gadin ƙofa, ina cusa wa mutane tsinken auduga a hanci. Dokar kamfani ce: duk manomin da yake kawo mana kaya, shi da masu yi masa yanka, sai an gwada su. Wanda gwaji ya kama ya killace kansa a gida, haka duk wanda ya yi cuɗanya da shi. Ranar Juma'a ya kama ka. Sai aka ba ni aikin gano waɗanda ka cuɗanya da su.

Tambaya ɗaya tak nake yi: "Ka sha shayin mate da Don Nicanor a makon nan?"

Kawu, ban taɓa sanin girmanka ba sai yanzu. Masu yankanka duka sun sha. Direban tarakta ya sha. Mai gadinmu ya sha, mai gidan burodi ya sha, Fada ma ya sunkuyar da kai ya ce kurɓi ɗaya ya yi don kada ka ji haushi. Ƙoƙo ɗaya, bututu ɗaya, filas a hammata, tun asuba kana zagaye gari kamar mai rabon sadaka. Takardar da muka raba bara, wadda ta ce kowa ya riƙe ƙoƙonsa, na tuna da ita ka riƙa yin fifita.

Yanzu dai babu burodi a unguwarku, babu addu'ar Lahadi, kuma kamfani ya rasa hannu a tsakiyar kakar inabi. Ladan yanka ya ninka cikin kwana biyu, amma masu amfana da shi suna kulle a ɗaka, kuma ka san tsarin: daron da ka cika shi ake biyanka, wanda bai fito ba bai ci ba. Shi ya sa wasu suka fara tsallake katangar baya don su guje wa tsinkena. Shekara biyar na yi a jami'a ina karanta tattalin arziki, ba wanda ya gaya mini tsoho ɗaya da filas zai iya tayar da farashi.

Abin da bai yi mini daɗi ba shi ne murmushin Maldonado. Ya gama faɗa, sai ya sassauta murya: "Inabinsa ya nuna, ko? Kash. Ga shi an ce ƙanƙara tana tafe ƙarshen mako. Ki gaya masa tayinmu na sayen gonar yana nan, ba mu janye ba." Ni da kai mun san in amfanin bana ya tafi, ba ka da ƙarfin da za ka jira na baɗi.

Amma tsaya ka ji abin da ya sa nake wannan rubutu. Cikin duk waɗanda na tambaya, akwai waɗanda suka ce "Allah ya kiyaye!" Maƙwabciyarka Doña Herminia da 'ya'yanta da surukanta. 'Yan gidan Albarracín da ka kai ƙara kan awakinsu. Wanzamin da ka daina zuwa wurinsa. Ka gane? Duk wanda yake da ikon fita ya riƙe almakashi a kwarin nan, wanda ba ka magana da shi ne. Sai ni, da nake shan kofi.

Ashe ka daɗe kana tanadin ma'aikata ba ka sani ba.

Ka huta lafiya. Taka,
Griselda

*

Gona, Talata

Zuwa ga 'yar ƙanwata Griselda mai digiri,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya kamar yadda nake, don ni lafiyata ƙalau, ɗan mura ne kuka ɗauka kuka yi wa suna. Allura uku aka yi mini. Miyarki ta iso, gishiri ya yi kaɗan.

Na karanta takardarki sau biyu, na biyun don in tabbatar ba zafin rana ne ya taɓa ki ba. Herminia? Gara ƙanƙara ta sauko kamar ƙwan jimina. Ke yarinya ce lokacin, ba ki sani ba. Matar nan ta buɗe ƙofar magudana ranar da layin ban ruwa yake kaina, ta juya ruwan gonarta, tana kallona ina kallonta. Da aka yi taron manoma ni nake zuba mate, da zagaye ya zo kanta ta miƙo hannu, na ɗaga ƙoƙon ta saman kanta na ba na gaba. Ban zage ta ba, ban ce uffan ba. Ko yau aka sake haka zan yi.

Su Albarracín kuwa, awakinsu ma sun fi su kunya.

Ki gaya wa uban gidanki Maldonado gonar nan ubana ya dasa rumfunan inabinta, kuma a nan za a ɗauki gawata. In yana son ƙasa ya je maƙabarta, akwai fili.

Griselda, ta taga nake ganinsa. Inabin ya yi ruwan zuma, nonnan sun yi nauyi har waya tana lanƙwasa. Zanzaro sun fara taruwa. Ban taɓa samun shekara irin wannan ba, ga ni kuma an ɗaure ni kamar akuyar layya. Na yi wa waliyyiyarmu Difunta Correa alkawarin kwalbar ruwa, babba, in ta riƙe hadarin nan a bayan dutse.

Abu ɗaya ki yi mini. Masu yankana suna zaune ba sisi saboda ni. Ki ɗauki gari da mai a kantin Turco ki rataya musu a ƙofa, ki ce daga Nicanor. Ban da wannan kada ki yi komai. Kada ki je gidan matar nan. Ke da kika dawo daga birni kina ce wa ƙoƙona "na gode, Kawu, na sha kofi," ba ki san nauyin waɗannan abubuwa ba.

Allah ya yi miki albarka duk da haka.
Kawunki,
Nicanor Oviedo

Ƙarin bayani: in tsautsayi ya kai ki, kada ki shiga ta gaba, baƙin karen yana cizo. Ta wajen murhu ake bi.

*

Caucete, Laraba

Kawu, barka da hutawa, ga miya da gishiri.

Tsautsayi ya kai ni. Ta wajen murhu na bi, na gode.

Na same ta tana gasa burodi, don tun da ka kulle mai gidan burodi kasuwarta ta buɗe. Ta dube ni sama da ƙasa, ni da takunkumina da takalmin ofis.

"Ke ce 'yar Zulema, mai tsokale wa mutane hanci?"

"Ni ce, Doña."

"Tsohon ya mutu ne?"

"Yana nan, yana gaishe ki."

"Ƙarya kike, amma kin iya. Zauna can nesa."

Kafin in buɗe baki ta ce an riga ni. Maldonado ya aiko tun jiya, yana son mutanenta duka a gonakin kamfani, lada ninki biyu har da abincin rana. Ƙaramin ɗanta yana gefe yana ta lissafin babur a idonsa. Na ce a raina shi ke nan, mun makara. Ni da nake da dogon jawabi a kaina kan zumunci da maƙwabtaka, sai na haɗiye shi, don na ga ba kasuwarsa ba ce. Tambaya ɗaya na yi mata:

"Doña, in Kawu ya sayar, wa zai zauna a saman magudanarki?"

Ta ajiye abin kwashe burodin. Ka san gonarka ce ruwa yake fara ratsawa kafin ya kai tata.

"Nicanor jaki ne," in ji ta, "amma jakin da na san inda yake harbi. Kamfani kuwa in ya zauna mini a ka, da lauya zai riƙa buɗe ruwa." Sannan ta ce, "An ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta ka shafa wa naka ruwa. Ni ba ni da gemu, shi kuma ba ɗan'uwana ba ne, amma ina jin ƙauri."

Ɗanta ya ce, "Mama, ninki biyu fa!"

"Rufe mini baki, Fabián. Ninki biyu na mako ɗaya ne. In gwaji ya kama ka a can, su za su ciyar da kai?"

Nan take ta aika a kira su Albarracín da wanzami, da wasu da ni ma ban san kun ɓata ba. Kawu, kai fa ka yi aiki a rayuwarka! Kafin la'asar tsakar gidanta ya cika, kowa ya ja kujerarsa nesa da ɗan'uwansa, kowa yana ba da labarin abin da ka yi masa. Ban taɓa ganin taro mai armashi haka ba. Wanzami ya ce zai zo ko kyauta ne, don kawai ya ga fuskarka ta taga.

Tana da sharuɗɗa. Ta rubuta da hannunta, ga su nan na haɗo. Ka sha ruwa kafin ka buɗe.

Taka,
Griselda

*

Nicanor,

Gaisuwa irin wadda ta wajaba, ba ƙari.

Za mu yanke maka inabi mu shanya a filina na tsakuwa, tunda ni ce mai tamfol. Ka biya mutanena ladan da aka saba, ba na kamfani ba, ba sadaka muka zo nema ba. Rarar da ke tsakaninsa da na kamfani ka ba masu yankanka da suke kulle, don ba su suka yi laifi ba, bakinka da bututunka ne.

Na ƙarshe. Ranar da aka sake ka, za ka ɗora buta. Ƙoƙon farko mai ɗaci ka shanye abinka kamar yadda mai zubawa yake yi. Na biyu nawa ne, daga hannunka zuwa hannuna, a gaban mutane.

Ruwan nan kuwa layina ne ranar, har gobe.

Allah ya ba ka lafiya, don ina son ka a tsaye.
Herminia Quiroga

*

Gona, Alhamis

Griselda,

Gaisuwa. Gishiri ya yi yawa.

Ki gaya mata layina ne.

Su fara daga rumfar yamma, ita ta fi nuna. Da almakashi, ba da hannu ba, kada wani ya fizge mini reshe. Kada a danna daro. Su Albarracín su bar awakinsu a gida. Wanzami kada ya matso kusa da tagata.

Sauran maganar na ji ta. Ban ce na yarda ba. Na ce na ji.

Kawunki,
Nicanor

*

Caucete, Lahadi

Kawu, ina gaishe ka, ina gaishe ka, ina sake gaishe ka! Hannuna duk ya yi kanta, da ƙyar nake riƙe biro, amma dole in rubuto. Ka ga komai ta taga amma ba ka ji komai ba, kuma rabin daɗin a kunne yake.

Bari in fara da abin da ba ka gani ba. Juma'a da sassafe suka yi layi a ƙofar kamfani don gwaji, Doña Herminia a gaba da hular kaba. Maldonado ya leƙo ta bene ya ga sababbin hannaye, ya sauko da gudu har yana tuntuɓe. Ya sa aka kawo musu ruwan sanyi. Ya kira ta "uwarmu." Ya matso kusa da ni ya ce, "Griselda, ashe kina da amfani." Na ce masa ina ƙoƙari.

Na gwada su ɗaya bayan ɗaya, ina addu'a a raina, don mutum ɗaya ya faɗi sai ya ja rabin layin. Duka suka fita lafiya. Doña Herminia ta karɓi takardarta, ta shanye ruwan, ta ce, "Mun gode, ɗana," ta juya ta hau motar Fabián, sauran suka bi ta.

"Ina za su? Motarmu tana can!" in ji Maldonado.

Na ce, "Gonar Don Nicanor, ranka ya daɗe. Manomin kamfani ne, doka ta ce a gwada masu yi masa yanka. Kai ka sa hannu."

Kawu, na ga fuska ta canja launi kamar inabi, daga kore zuwa ja zuwa baƙi, cikin minti ɗaya. Na ce masa ina da hutun da ban ci ba, na cire rigar ofis na bi su.

Abin da ka gani wanzami yana yi da hannu a gaban tagarka, ba gaisuwa ba ce. Cewa yake, "Nicanor, sumarka ta yi kama da sheƙar angulu, wa yake yi maka aski?" Da ka ɗaga masa hannu, kowa ya kwashe da dariya. Lokacin da kake bubbuga gilashi kana nuna rumfar yamma, Doña Herminia ce ta ce, "Ku rabu da shi, yau ranar farko ke nan da yake magana ba mai jinsa, bari ya ɗanɗana." Babban Albarracín kuwa duk daron da ya cika sai ya ce, "Wannan na akuyata ne." Ni ma ban tsira ba. Sun sa mini suna Dakta Rabin Daro.

Amma sun yi aiki, Kawu. Ban san haushi yana da ƙarfi haka ba. Kowa so yake ya nuna maka ya fi mutanenka iya yanka. Fabián yana gudu da daro a kafaɗa kamar wanda ake kora. Kowa da gorar ruwansa, kowa da ƙoƙonsa, ba wanda ya miƙa wa wani, don Doña Herminia ta ce duk wanda ta ga bututun wani a bakinsa za ta aike shi ɗakinka ya taya ka zama.

Jiya da azahar hadarin ya leƙo ta bayan dutse, baƙi ƙirin, gefensa fari-fari, irin wanda kowa ya sani. Sauran rumfa biyu. Ba wanda ya ƙara tsokanar kowa. Almakashi kawai kake ji, ƙyas ƙyas ƙyas. Masu yankanka da suke kulle a gidajen bakin hanya suka fito ƙofa suna yi mana ihu daga nesa: "Ku yi sauri! Ku bar ƙananan!" Mota ta ƙarshe tana shiga filin tsakuwa iska ta taso, muka ja tamfol mu goma muna faɗuwa muna tashi, muka danne da duwatsu. Sai ga ta. Ƙanƙara kamar ana zazzage buhun tsakuwa a kan kwano. Muka ɓuya a ƙarƙashin mota, ni da Doña Herminia kafaɗa da kafaɗa, tana dariya har da hawaye tana cewa, "Ya ci bashina! Tsohon banza ya ci bashina!"

Layin ƙarshe na rumfar gabas ya tafi, ka gani da idonka. Sauran duk yana ƙarƙashin tamfol, yau da safe mun buɗe, rana tana dukansa. Gonakin kamfani na kudu kuwa, da ba a samu masu yanka ba, an ce ko ganye bai rage ba. Ban yi murna ba, akwai masu ci daga can. Amma ban iya yin kuka ba.

Ka fara neman babbar kwalba. Ban san ko Difunta za ka kai wa ko Doña Herminia ba.

Gobe Maldonado yana son ganina.

Taka, mai ciwon baya,
Griselda

*

Caucete, Litinin

Kawu, barka da fitowa. Likita ta ce daga yau an sake ka.

A teburin mai gidan burodi nake rubutu, shi ma ya buɗe. Maldonado bai kore ni ba. Cewa ya yi zai manta da komai in na rage yawan gwaji a ɗakin tsintar zabibi, don kowane tsinke hannu yake cire masa. "Wanda ba a gwada ba ai lafiyarsa ƙalau," in ji shi. Na ce wannan darasin ba a koya mana ba. Na ajiye masa makullai da kwalin tsinkayen.

Kada ka damu da ni. Doña Herminia ta ce ƙananan manoman magudanarku suna buƙatar mai iya magana da masu saye a birni, kuma tunda ban iya yanka ba, wataƙila na iya wannan.

Fabián zai kawo maka takardar nan a mota. Mu muna tafe da la'asar, da ita da su Albarracín da wanzami, ya ce zai taho da almakashinsa. Ka fito da kujeru ƙarƙashin rumfa, ka ɗora buta. Na sayo sababbin bututu, kowa da nasa. Ta ce bututu ba damuwarta ba ne, hannun da zai miƙa take son gani. Na farko naka, na biyu nata. In ka ga hannu na uku ya miƙo, nawa ne, kada ka bi ta saman kaina.

Na so in buga wa Maldonado ƙofar ofis da ƙarfin da ko kai sai ka ji daga gona. Ashe irin mai rufe kanta ce a hankali. Sai na tsaya, yana kallona ina kallonsa, har ta gama rufuwa ta ce ƙyat. Sannan na sauko.

Taka,
Griselda